Gafarar Allah a koyarwar Kirista: wane nauyi take saukewa, wane take bari a kan mai laifi?

Idan mutum ya zubar da jini, ko ya cinye dukiyar marayu, ko ya ci amanar aure, daga baya ya durƙusa ya roƙi gafara da sunan Yesu Almasihu, shi ke nan an wanke shi? Duk lokacin da wani sanannen mai laifi ya fito ya ce ya tuba, sai gardamar ta tashi sabuwa fil a majalisun hira da shafukan Facebook. Wasu su ce ikon Allah ke nan, wasu su ce tuban muzuru ne, wasu kuma su yanke wa addinin hukunci ɗungurungum: wai ai Kirista ba ya tsoron saɓo, tunda an riga an faɗa masa wani ya biya masa.

A Afirka ta Yamma da wuya a sami misalin da ya kai na Joshua Milton Blahyi na Laberiya ɗaga hankali. Madugun mayaƙa ne a yaƙin basasar ƙasar na farko, ya yi ƙaurin suna wajen kisan gilla da tura ƙananan yara fagen daga. A 1996 ya ce ya tuba, ya ajiye makami, ya koma wa'azi. A watan Janairun 2008 ya tsaya gaban hukumar binciken gaskiya da sasantawa ta ƙasar, ya ce shi da yaransa ne ke da alhakin rayukan da ba su gaza 20,000 ba. Akwai waɗanda ya bi har gida ya roƙa suka yafe masa. Akwai waɗanda ko sunansa ba sa son ji.

Yawancin ruɗanin yana zuwa ne daga cakuɗa al'amura uku da koyarwar ta bambanta: abin da ke tsakanin mai laifi da Allah, abin da ke tsakaninsa da wanda ya zalunta, da abin da ke tsakaninsa da hukuma. Gafarar da Kiristoci ke cewa kyauta ce ta shafi na farko. Sauran biyun kowanne da nasa hukuncin.

Wane nauyi ake nufi?

A wurin Kirista zunubi ya wuce jerin ayyukan da aka hana. Yanayi ne da ɗan Adam ke ciki, na karkata daga Allah, kuma miyagun ayyuka 'ya'yan wannan karkatar ne. Manzo Bulus, a wasiƙarsa zuwa ga Romawa, ya ce kowa ya yi zunubi ya kasa kaiwa ga ɗaukakar Allah, ya kuma ce sakamakon zunubi mutuwa ne. Augustine, bishop na Hippo, wato garin Annaba na Aljeriya a yau, wanda ya rasu a shekara ta 430, shi ya fi kowa faɗaɗa koyarwar cewa ɗan Adam na gādon wannan yanayi tun daga Adamu. Cocin Katolika da yawancin na Furotesta sun gaji fahimtarsa.

Sai a bambanta abu biyu da mutane ke haɗawa. Akwai laifin kansa, wato alhakin da ke kan mutum ko ya ji a ransa ko bai ji ba. Akwai kuma nauyin zuciya, hukuncin da lamiri ke yi wa mutum da dare in kowa ya yi barci. Ba kullum suke tafiya tare ba. Wani ya kwashe kuɗin fanshon tsofaffi yana barci har da minshari. Wata ɗanta ya mutu da zazzaɓi, ta shekara goma tana tuhumar kanta don ba ta kai shi asibiti da wuri ba, alhali ba ta da kuɗin mota. Zabura ta 32 ta siffanta mai ɓoye laifi da wanda ƙasusuwansa ke lalacewa saboda nishi dare da rana, har sai da ya buɗe baki ya furta. Koyarwar gafara tana fara magance laifin ne tukuna, da fatan kwanciyar zuciya za ta biyo baya. Wani lokaci takan biyo nan take, wani lokaci takan ɗauki shekaru.

Me ya kawo gicciye cikin maganar?

Wannan ita ce tambayar da maƙwabci Musulmi ya fi yi: in Allah mai gafara ne, me zai hana ya yafe kawai? Amsar Kirista ita ce Allah mai jinƙai ne kuma mai adalci, kuma alƙalin da ya kau da kai daga laifi ya zalunci wanda aka cuta. Don haka gafara tana da tsada, tambayar ita ce wa zai ɗauki tsadar.

Tushen tunanin yana cikin Tsohon Alkawari. Littafin Firistoci sura 16 ya bayyana Ranar Kafara, sau ɗaya a shekara. Babban firist zai yanka bunsuru ɗaya ya shiga da jininsa wuri mafi tsarki, sannan ya ɗora hannuwansa a kan na biyu, ya furta laifofin jama'a a kansa, a kora shi jeji. Wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa ta ɗauki wannan hoton ta ce waɗancan hadayu inuwa ce, ainihin hadayar ita ce mutuwar Almasihu, sau ɗaya tak, ba maimaitawa. Tunda Kiristoci sun gaskata Yesu Allah ne da ya zama mutum, a ganinsu ba wani bare aka kama aka hukunta a madadin mai laifi ba, wanda aka saɓa wa ne da kansa ya ɗauki asarar. Malaman coci sun yi bayanin yadda hakan ke aiki ta hanyoyi dabam-dabam: na farko-farko sun fi jaddada nasara a kan mutuwa da Shaiɗan, Anselm na Canterbury a ƙarshen ƙarni na 11 ya yi maganar biyan bashin girman Allah, masu gyaran coci na ƙarni na 16 suka jaddada ɗaukar hukunci a madadin mai zunubi. Ba su saɓa ba a kan cewa mutum ba ya iya sayen gafara da aikinsa. Wannan kyautar da ba a cancanta ba ita suke kira alheri.

A nan ne hanyar ta rabu da ta Musulunci, kuma babu amfanin ɓoye hakan. Alƙur'ani a Suratun Nisa'i ya ce ba a kashe Annabi Isa ba, ba a kuma gicciye shi ba, kuma ya maimaita a wurare da dama cewa wani rai ba ya ɗaukar nauyin wani. Musulmi yana neman gafara kai tsaye daga rahamar Allah ba tare da fansar kowa ba. Amma idan aka zo kan abin da ake nema daga mai tuba, kamar yadda za a gani, nisan bai kai yadda masu jayayya ke zato ba.

Bitrus da Yahuza

Dare ɗaya almajirai biyu suka ci amanar Yesu. Yahuza Iskariyoti ya bashe shi a kan azurfa 30. Bitrus ya yi musun saninsa sau uku, har da rantsuwa. Dukansu sun yi baƙin ciki. Linjilar Matiyu ta ce Yahuza ya mayar da kuɗin, ya ce ya ci amanar marar laifi, sannan ya je ya rataye kansa. Bitrus ya fita ya yi kuka mai zafi, amma ya koma cikin 'yan'uwansa, kuma a ƙarshen Linjilar Yohanna Yesu ya tambaye shi sau uku ko yana ƙaunarsa, ya damƙa masa kiwon garkensa.

Abin lura shi ne Yahuza ya yi abubuwan da ake nema a zahiri: ya yi nadama, ya furta, ya mayar da kuɗi. Abin da ya rasa, a fahimtar yawancin malaman Kirista, shi ne sa zuciya ga jinƙai. Ya zama wa kansa alƙali kuma hauni. Bulus ya bambanta baƙin ciki iri biyu a wasiƙarsa ta biyu zuwa ga Korintiyawa: wanda ke kai mutum ga tuba da ceto, da irin na duniya mai haifar da mutuwa. Saboda haka a wannan koyarwa, yawan azabtar da kai ba shi ne tuba ba. Tuba juyowa ce: mutum ya kira laifinsa da sunansa ba tare da kame-kame ba, ya bar shi, ya dogara ga alkawarin da ke cikin wasiƙar Yohanna ta fari, cewa in mun furta zunubanmu Allah mai aminci ne da adalci, zai gafarta ya tsarkake.

Labarin Dauda ya ƙara wani darasi. Musulmi ba su yarda da wannan ƙissa ba, domin suna tsarkake annabawa daga irin wannan aiki, amma a Littafi Mai Tsarki tana nan a 2 Sama'ila sura 11 da 12: sarki ya kwana da matar sojansa Uriya, ya kuma shirya aka kashe mijin a bakin daga. Da annabi Natan ya tunkare shi, ya amsa laifinsa, aka ce masa Allah ya kawar da zunubinsa. Amma a wannan zaman aka faɗa masa takobi ba zai rabu da gidansa ba. Jaririn ya mutu, 'ya'yansa suka yi ta cin naman juna, ɗansa Absalom ya yi masa tawaye. An gafarta masa, bai tsira daga girbin abin da ya shuka ba.

Ta wace ƙofa gafarar ke isowa?

A nan Kiristoci suka rabu, kuma rabuwar ta daɗe. A shekara ta 250 Sarkin Rum Decius ya ba da umarni kowa ya miƙa hadaya ga gumaka ya karɓi takardar shaida. Kiristoci da yawa suka ji tsoro suka bi, wasu suka sayi takardar ta bayan fage. Da ƙura ta lafa suka dawo suna ƙwanƙwasa ƙofar coci. Novatian a birnin Rum ya ce wanda ya yi ridda ba shi da wurin komawa. Cyprian, bishop na Carthage kusa da Tunis ta yau, da taron bishop-bishop na 251 suka ce a karɓe su bayan sun yi zaman tuba gwargwadon laifinsu. Ra'ayin Cyprian ne ya yi rinjaye, kuma tun daga nan coci ta tsaya a kan cewa babu laifin da ya fi ƙarfin gafara. A wancan zamanin tubar manyan laifofi a bainar jama'a ake yi, takan ɗauki shekaru. Furtawa a asirce tsakanin mutum da limaminsa ta yaɗu ne daga baya ta hannun sufayen Ayalan, har babban taron bishop-bishop na Lateran a birnin Rum, a 1215, ya wajabta ta aƙalla sau ɗaya a shekara.

Haka Katolika ke yi har gobe. Mai laifi zai je wurin fada, wato limamin cocin Katolika, ya furta manyan zunubansa, fada ya furta masa kalmar kwancewa da sunan Allah, ya ba shi aikin tuba, kamar addu'a ko azumi ko sadaka. Hujjarsu tana cikin Yohanna sura 20, inda Yesu ya ce wa manzanni duk wanda suka gafarta wa an gafarta masa. A fahimtarsu Allah ne mai gafarar, fada bakin da ake ji ne kawai.

Martin Luther, sufi Bajamushe, ya bi wannan hanyar har ya gaji. Yakan shafe sa'o'i yana furta zunubai, ya fito ya tuna wani ya koma, zuciyarsa ba ta kwanta ba. Sai da ya zurfafa cikin wasiƙar Romawa ya kai ga fahimtar cewa Allah na karɓar mai zunubi ne ta bangaskiya, ba don ya ƙididdige laifofinsa kaf ba. Ana cikin haka wani mai wa'azi, Johann Tetzel, ya iso yankinsu yana sayar da takardun rangwamen azaba, wani ɓangare na kuɗin kuma na ginin majami'ar Bitrus ne a Rum. A ƙa'ida takardun ba sa gafarta zunubi, suna rage horon da ya rage ne bayan an gafarta, amma talaka ya ɗauka Aljanna yake saye. A 1517 Luther ya fitar da batutuwa 95 na ƙalubale a Wittenberg, na farkonsu yana cewa dukan rayuwar mai bi tuba ce. Daga nan Furotesta suka samo asali. Ita ma Katolika ta gyara: a 1567 Fafaroma Pius na 5 ya haramta haɗa rangwamen da kuɗi, kuma a 1999 a birnin Augsburg wakilanta da na Lutheran suka sa hannu a kan sanarwar cewa da alheri kaɗai ake samun karɓuwa wurin Allah.

Majami'un da suka fi yawa a Arewacin Najeriya, irin su ECWA, COCIN, EYN, HEKAN da Baptis, a gefen Furotesta suke. Mai laifi yana roƙon Allah kai tsaye, domin matsakanci ɗaya ne, Almasihu. Amma idan laifin ya fito fili akwai horo: dattawan ikilisiya su dakatar da mutum daga cin Jibin Ubangiji, wato gurasa da ruwan inabi na tunawa da mutuwar Yesu, da riƙe muƙami na wani lokaci, sannan a dawo da shi a gaban jama'a.

To, sai a ci gaba da saɓo ke nan?

Wannan zargi ba sabo ba ne, tun Bulus na raye aka yi masa shi. A Romawa sura 6 ya kawo tambayar da kansa, ko sai mu ci gaba da zunubi don alheri ya yawaita, ya amsa da cewa ko kusa, wanda ya mutu ga zunubi ta yaya zai ci gaba da zama cikinsa. Wasiƙar Yakubu ta ce bangaskiyar da ba ta da ayyuka matacciya ce. Dietrich Bonhoeffer, faston Jamus da gwamnatin Hitler ta rataye a watan Afrilun 1945, ya kira wa'azin gafara ba tare da tuba ba alheri mai araha, ya ce shi ne babban maƙiyin coci.

Ma'aunin da ya fi kowanne sauƙin ganewa yana cikin Luka sura 19. Zakka shugaban masu karɓar haraji ne a Yariko, ya yi arziki da zaluntar 'yan'uwansa. Da Yesu ya sauka a gidansa, ya miƙe ya ce rabin dukiyarsa ya ba matalauta, kuma duk wanda ya cuta zai mayar masa ninki huɗu. Sai bayan wannan furucin Yesu ya ce yau ceto ya shigo gidan nan. Dokar Musa ma ta riga ta ce wanda ya ci amana ya mayar da abin, ya ƙara kashi ɗaya cikin biyar, kafin ya kawo hadayarsa. A huɗubar kan dutse Yesu ya ce in ka kawo baikonka gaban bagade ka tuna ɗan'uwanka na da wata magana a kanka, ka ajiye baikon, ka je ku shirya tukuna. Koyarwar Katolika a rubuce ta ce dole a mayar da kayan sata, a gyara sunan wanda aka yi wa ƙazafi. A Najeriya cocin Deeper Life ta W. F. Kumuyi ta yi suna wajen nanata mayar da haƙƙi, har ta kai mabiyanta kan koma wurin tsohon maigida su faɗi abin da suka ɗauka, ko su tona takardar makarantar da suka samu da maguɗi.

Duk wanda ya san sharuɗɗan tuba a wurin malaman Musulunci, wato nadama, daina laifin, ƙudurin ba za a koma ba, da mayar da haƙƙi ga mai shi, zai ga kamannin. Bambancin yana wurin matsayi. A wurin Furotesta mayar da haƙƙi ba kuɗin sayen gafara ba ne, shaida ce cewa tubar ta gaskiya ce. Amma ga wanda aka cinye wa gona, sakamakon ɗaya ne: a dawo masa da gonarsa. A ganina duk shaidar tuba da aka bayar da lasifika, alhali dukiyar mutane na nan a aljihun mai shaidar, ta faɗi jarrabawar Zakka, komai yawan hawayen da aka zubar.

Kotu fa?

Ranar 13 ga Mayun 1981 wani Baturke, Mehmet Ali Agca, ya harbi Fafaroma John Paul na 2 a dandalin majami'ar Bitrus da ke Vatican. Fafaroman ya sanar da yafe masa tun yana gadon asibiti, kuma a watan Disambar 1983 ya ziyarce shi a kurkukun Rebibbia. Duk da haka Agca ya ci gaba da zaman kaso a Italiya har shekara ta 2000, lokacin da shugaban ƙasar ya yi masa afuwa, aka miƙa shi Turkiyya, inda aka sake tsare shi kan kisan wani ɗan jarida, bai sami cikakken 'yanci ba sai 2010. Yafiyar wanda aka harba ba ta buɗe ƙofar kurkuku ba. Romawa sura 13 ta ce mai mulki ba a banza yake riƙe da takobi ba. Ko ɓarawon da ya tuba a kan gicciye kusa da Yesu, wanda aka yi wa alkawarin Firdausi a ranar, ya amsa da bakinsa cewa hukuncinsa daidai ne, kuma a kan gicciyen ya mutu.

Ruwanda ta gwada haɗa abubuwan biyu a aikace. Bayan kisan ƙare dangi na 1994, wanda ya ci rayuka kusan 800,000 cikin kwana ɗari, gidajen yari suka cika da mutum sama da 100,000. Kotunan gargajiya na gacaca, waɗanda aka rufe a 2012 bayan sun saurari shari'u kusan miliyan biyu, suna rage wa mutum hukunci in ya amsa laifinsa dalla-dalla, ya faɗi abokan aikinsa, ya nemi gafara a gaban jama'a. Masu wa'azi a kurkuku sun taka rawa wajen sa fursunoni su buɗe baki, kuma ta haka iyalai da yawa suka san ramin da aka jefa 'yan'uwansu. Amma tunda furtawa na rage shekaru, wa zai tantance mai tuba daga mai lissafi? Ga kuma abin kunya: an kashe dubbai a cikin majami'u, kotun duniya ta sami wani fada, Athanase Seromba, da laifin kisan ƙare dangi a cocin Nyange. A 2017 Fafaroma Francis ya roƙi gafarar Allah kan gazawar coci a wannan bala'i. Mai wa'azin gafara ma ya wayi gari cikin masu nema.

Wuri ɗaya da coci da hukuma ke karo har yanzu shi ne sirrin furta zunubi. Dokar Katolika ta hana fada tona abin da ya ji, ko da kisan kai ne, in ya tona an fitar da shi daga tarayyar coci. Bayan rahoton hukumar binciken cin zarafin yara a Ostareliya a 2017, jihohi da dama a can sun yi dokar da ta tilasta kai rahoto ko da a wurin furtawa aka ji. Fadar Vatican ta ƙi sauya matsayinta, tana cewa in babu sirri babu mai zuwa ya furta.

Wanda ya tuba amma zuciyarsa ta ƙi kwanciya

Manyan masu laifi ne ke jan hankali, amma yawancin masu ɗauke da wannan nauyi ba a san su ba. Matar da ta zubar da ciki tun tana budurwa. Direban da gudunsa ya kashe fasinja. Sojan da ya dawo daga daji yana ganin fuskoki a mafarki. Ɗan da ya yi wa mahaifinsa baƙar magana, tsohon ya rasu kafin su shirya. Irin waɗannan ba sa tambayar ko gafara ta yi araha, tambayarsu ita ce ko ta kai kansu.

Koyarwar tana ba su amsa da girman adadi. A Matiyu sura 18 Yesu ya ba da misalin bawan da sarki ke bi talanti 10,000. Talanti ɗaya ya kai kimanin dinari 6,000, dinari kuwa ladan ƙwadagon yini ne, wato bashin da ko jikokin jikokinsa ba za su biya ba, aka yafe masa don ya roƙa. Zabura ta 103 ta ce kamar nisan gabas da yamma haka Allah ya nisanta laifofinmu. Fastoci kan ce wa irin waɗannan mutane gafarar ta dogara ne ga alkawarin Allah, ba ga yadda zuciya ke ji da safe ba. Shi kansa Bulus, wanda ya tsaya yana goyon bayan jifan Istifanas, Kirista na farko da aka kashe saboda bangaskiyarsa, bai taɓa mantawa ba: har a wasiƙunsa yana cewa bai cancanci a kira shi manzo ba tunda ya tsananta wa ikilisiya. Tunawa da laifi ba alama ce ta cewa ba a gafarta ba. Don sauƙaƙa wa irin waɗannan ne a 2016 Fafaroma Francis ya ba kowane fada izinin kwance wadda ta zubar da ciki, abin da a wurare da yawa a da sai da izinin bishop.

Akwai aya ɗaya da ke firgita mutane, ta Markus sura 3, inda aka ce saɓon Ruhu Mai Tsarki ba shi da gafara. Yesu ya faɗe ta ne ga malaman da suka ga aikin Allah ƙiri-ƙiri suka ce na shugaban aljanu ne. Fassarar da ta fi karɓuwa ita ce taurin kai na ƙin gaskiya da gangan har ƙarshe, shi ya sa ake cewa wanda ke kuka don tsoron ya aikata shi, kukan nasa shaida ce bai aikata ba. Sai dai wani nauyin ba na mimbari ba ne. Mutumin da ke maimaita roƙon gafara kan abu ɗaya sau ɗari a yini, ko ya daina ci da barci, ko ya fara tunanin kashe kansa, yana iya fama da ciwon damuwa ko waswasi mai tsanani. Wannan aikin likitan ƙwaƙwalwa ne tare da addu'a, kuma akwai asibitocin tarayya na wannan fanni a Kaduna, Maiduguri da Kware ta jihar Sakkwato.

Inda ake samun tangarɗa a aikace

Matsala ta farko ita ce matsa wa wanda aka zalunta. Gaskiya ne Addu'ar Ubangiji, wadda Yesu ya koya wa almajiransa, ta ɗaure gafarar da Kirista ke nema da wadda yake yi wa wasu, kuma bawan nan na misali an sake kama shi ne don ya shaƙe abokinsa kan dinari 100. Amma yafewa a zuciya dabam, komawa hannun mai cuta dabam. Matar da mijinta ke duka, aka ce ta koma ɗaki tunda ya yi kuka gaban dattawa, ko yarinyar da aka yi wa fyaɗe aka hana iyayenta zuwa wurin 'yan sanda don kada sunan coci ya ɓaci, an yi amfani da koyarwar ne wajen kare azzalumi. A Luka sura 17 tsawatarwa ta riga yafewa: in ɗan'uwanka ya yi laifi ka tsawata masa, in ya tuba ka yafe.

Ta biyu ita ce horon da ke duba fuska. Laifi tudu ne. Budurwar da ta yi ciki ba ta da inda za ta ɓoye, ita ce ke zama a bencin baya wata da watanni, wanda ya yi cikin kuwa sau da yawa ba a ko kira shi ba. Ɗan siyasar da kowa ya san ya wawure baitulmali, in ya kawo gudummawar rufin majami'a, kujerar gaba ake ba shi. Kuma ko horon da aka yi bisa gaskiya yana da iyaka. A 2 Korintiyawa sura 2, game da wani da ikilisiya ta hukunta, Bulus ya rubuta musu cewa horon ya isa haka, su yafe masa su ta'azantar da shi, kada baƙin ciki ya haɗiye shi. Dattawa kan sanar da ranar da horo ya ƙare, amma a unguwa da zumuntar mata akan ci gaba da kiran yarinyar da laifinta har ɗan da ta haifa ya shiga makaranta.